Makwancin Ruwa

A bayan gidanmu da ke gefen birnin Kano akwai wani kududdufi, wanda kakana ya ce daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina unguwarmu. Da damina duk ruwan lungunanmu can yake gangarawa, ya kwanta, ya tsotse a hankali, rijiyoyinmu su kawo ruwa. Daga bayansa kuwa gonakin gero da dawa ne, da itatuwan ɗorawa iya ganin ido.

Ina aji uku a sakandare aka shimfiɗa mana titi. Mun yi murna ƙwarai, domin kafin nan a amalanke ake kai mai naƙuda bakin hanya. Sai dai ba a daɗe ba gonaki suka koma fulotai, aka sassare ɗorawa, aka cike kududdufin da shara da ɓaraguzai, aka jera shaguna a kansa. Titin ya fi gidajenmu tudu, magudanarsa kuma ba ta ɓulle ko'ina ba. Wani dare cikin watan Agusta ruwa ya zo neman makwancinsa bai samu ba, sai ya shigo ɗakin mahaifiyata. Kafin asuba katangarmu ta zube.

Sai da na shiga jami'a na gane cewa labarinmu tsohon labari ne. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanya ce ke yi wa birnin jagora. Bayan isowarsa Sabon Gari ya kafu a wajen ganuwa. Daga baya gari ya bi hanyar Zariya ya wuce Na'ibawa, ya bi ta Katsina har Dawanau, ya bi ta Maiduguri ya haɗe Hotoro da Mariri. Duk inda kwalta ta sauka, filaye sukan yi tsada, noma ya ja da baya, siminti ya rufe ƙasar da take shanye ruwa, zafi da hayaƙin ababen hawa su ƙaru.

Ba na ƙin titi, domin ta kansa na je makaranta. Roƙona ga masu tsara birane shi ne, kafin su ja layi a takarda, su taka unguwa da ƙafa cikin damina, su tambayi dattawa inda ruwa yake bi. Da an tambayi kakana, da ya nuna musu da sandarsa. Har yau idan hadari ya haɗu, mahaifiyata takan ɗora tabarmi da buhun hatsi a kan gado kafin ta kwanta.