Majalisar Masu Son Daina Sha

A Baure, mai shan giya a ɓoye yake sha. Addini ya haramta, Shari'ar da Katsina ta ƙaddamar a 2000 ta ƙara tsanantawa. Shi ya sa ranar da ya so dainawa ma, a ɓoye yake fama. Irin wannan bawan Allah yana tsaya mini a rai. Wa'azi yana da amfani, amma wanda hannunsa ke karkarwa da asuba yana buƙatar wanda ya taɓa shiga halin. A garin Akron na Amurka, a 1935, mashaya biyu suka kafa Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu taimakon juna su daina sha, daga hira kawai. Mu da muka saba da majalisa bayan la'asar, me zai hana mutum uku masu son daina sha su zauna, su riƙe sirrin juna, su riƙa tambayar juna yadda aka kwana?