Motar da ta tashi ba ta cika ba



Mu mutanen Ƙwanni da Adar, Allah bai ba mu teku ba. Babban ruwan da muka sani shi ne Magiya idan ta kawo da damina, sai kuwa madatsun Mozage da Zango masu shayar da gandun noman rani na Birnin Ƙwanni. Shi ya sa a shekarar 2020, sa'ad da gidajen rediyo suka dinga kawo labarin manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, na saurare shi kamar yadda yaro ke sauraren gatana. An ce irin wannan jirgi unguwa ce guda bisa ruwa, da ɗakunan kwana, da gidajen cin abinci, da dandalin kiɗa da wasa. Masu shigarsa kuwa ba fatauci za su ba, ba aikin hajji ba, teku kawai za su kewaya su komo inda suka tashi.

Cutar korona ita ta sa sunan waɗannan jirage ya kawo kunnenmu. Cikin watan Fabrairu na shekarar, an tsare ɗaya daga cikinsu, mai suna Diamond Princess, a tashar Yokohama ta ƙasar Japan, da mutum 3,711 a cikinsa, fiye da 700 kuwa suka kamu. Kafin watan Maris ya ƙare, kusan duk irinsu sun daina tafiya. A watan Agusta wani babban jirgi ya sake tashi daga Jenowa ta ƙasar Italiya, a Amurka kuwa sai watan Yuni na 2021, shi ma an ƙayyade yawan waɗanda za su shiga. Masu irin wannan yawo, da suka kusa kai miliyan 30 a 2019, ba su cika miliyan 5 ba a 2021. Waɗanda suka shiga jiragen a wannan tsakani sun ba da labarin cewa a wata tafiyar ma'aikata sun fi fasinja yawa, ba layi wajen abinci, ba mai bangazar wani, makaɗa na kiɗa kujeru na kallonsu. Wasu suka ce daɗi ya kai daɗi, wasu kuwa suka ce shirun wurin ya hana su sakewa.

Ina tuna abin da na faɗa a majalisarmu da na ji wannan. Na ce kukan daɗi ke nan. Mutum ya samu fili, ya samu masu yi masa hidima sun fi ƙarfinsa, sa'an nan ya ce ransa bai yi daɗi ba? Su zo su shiga motarmu ranar Laraba, bayan kasuwar Ƙwanni ta watse, su ga yadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, buhun gari bisa ƙafarka, kazar wani a ƙarƙashinka, jaririn wata yana jan hularka. Na yi shekara 32 ina koyarwa a lakwal tsakanin ƙauyukan Illela da Malbaza da Ƙwanni, ban taɓa yin tafiya ba tare da na roƙi Allah ya nuna mini ranar da zan miƙe ƙafata a mota ba.

To, Allah ya nuna mini, cikin watan Agusta na 2023.

Kamar yadda kuka sani, ranar 26 ga watan Yuli na shekarar sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba mu, kuɗi suka yi wuyar fita a bankuna. Ranar 10 ga Agusta kuma aka ce a shirya rundunar da za ta iya shigowa. Ga wanda ke Yamai, wannan magana ce ta siyasa. Ga mutumin Ƙwanni kuwa, wanda tsakaninsa da Illela ta Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce bisa kabu-kabu, magana ce ta tukunyar gidansa. Ba shi ne karo na farko ba. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, har yunwar wancan lokaci ta samu sunan El Buhari a bakin mutanenmu, an kuma rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Amma ba a taɓa rufe ta ana maganar yaƙi tsakanin ƴan uwa ba sai wannan karo.

Ana cikin haka aka aiko mini cewa yayana ba shi da lafiya a ƙauyenmu, can ƙasar Illela tamu ta Adar. Na yi sammako zuwa tasha don in shiga motar bis mai zuwa Tawa, in sauka Badagishiri. A da, wannan mota a Ƙwanni take cika, domin nan fataken Tawa da Abalak da Agadas ke shiga da kayan da suka saro Sakkwato da kasuwar Illela ta ranar Lahadi. Wanda bai yanki tike tun jiya ba sai ya yi ta roƙo. Ran nan kuwa na tarar da mai sayar da tike yana gyangyaɗi. Ƴan dako na zaune bisa amalankensu, ƴan canji sun jera damman naira ba mai tambaya. Ga kuma damina, manoma na gona. Da muka shiga, halin tsohon malamin lakwal ya motsa, na ƙidaya mu: kujera 70, mutum 11.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na zaɓi kujera kusa da taga, na miƙe ƙafa, na ɗora jakata bisa kujerar da ke gefena don kada wani ya yi sha'awar zama nan. Sauran ma haka suka yi. Kowa ya kama tagarsa, tsakaninsa da ɗan uwansa layi uku ko huɗu, sai ka ce waɗanda suka yi faɗa. Yaron mota, wanda a da ba ya ko kallon fuskarka, ya zo har sau biyu yana cewa: «Baba, ko a buɗe maka taga? Ko ka fi son gaba?» Na ce a raina, yau ni ma na shiga jirgin Turawa.

Ba mu yi nisa ba daɗin ya soma canza kama. Abin da na fara lura da shi ƙara ce. Ashe kujerun mota suna da kuka, gilasai na kaɗawa, wani ƙarfe can baya yana bugun ɗan uwansa a kowane rami. Shekara da shekaru muryoyin mutane sun rufe mini wannan, yau ga shi ba abin da ke shiga kunnena sai shi. Direba ya kunna kiɗa, ya ji ya yi wa motar yawa, ya mayar da labarai, ya ji ana maganar runduna da wa'adi, ya kashe. Wani ya yi tari can baya, mu duka muka waiwaya. Ga hatsi kore shar dama da hagu, abin da a kullum kan sa fasinja su ɓarke da hirar damina da farashin tiya, amma ba wanda ya ce uffan. Na ga irin wannan zama a wuri ɗaya tak, wato gidan makoki kafin a fito da gawa.

Da muka kawo Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da ta Malbaza da Galmi da Maraɗi, ƴan talla suka sheƙo a guje kamar yadda suka saba, masu dafaffen ƙwai, masu ƙuli-ƙuli, masu albasa, masu ruwan sanyi. Suka kewaye motar suna ɗaga farantai, suna bin taga bayan taga, kowace ba kowa. Sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba ta tsaya a tagata, ba ta ma yi kiran tallar ba, ido kawai ta zuba mini. Na sayi ƙwai biyar alhali ba na jin yunwa. A nan na fahimci cewa kowace kujera da babu kowa a kanta tana da masu ita a waje: mai ƙwai, da ɗan dako, da mai shayi, da yaron motar da ake sallama gwargwadon abin da aka samu. Filin da nake miƙe ƙafa a cikinsa, da abincin gidajensu aka biya shi. Sai ladabin yaron motar nan ya daina faranta mini rai, domin na gane ladabin mai tsoron a ajiye mota ne.

Muna tashi daga Tsarnawa sai na ji ana jan ƙafa a bayana. Wata tsohuwa ce, tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya, ƙullin kaya a hannunta. Ta tsaya kaina ta ce: «Malam, in ba za ka damu ba, in zauna nan. Can baya kamar kushewa.» Na dubi jakar da na tare kujerar da ita, kunya ta rufe ni. Na sauke ta na ce: «Bisimilla, Inna.»

Ba ta jira na tambaye ta ba. Daga wani ƙauye take kusa da Tawa. Autarta ke aure a Illela ta Najeriya, ta yi haihuwar fari, ita kuwa ta taso don suna da wankan jego. Ta kwana huɗu a Ƙwanni gidan wani ɗan garinsu. An ce mata masu babur na ƙetarar da mutane ta cikin gonaki, amma kuɗin da suka yanka ya fi abin da ke ɗaure a bakin zanenta, ga ciwon ƙugu, ga tsoron abin da za a gamu da shi a daji. Aka yi suna tana jin labari ta wayar mai masaukinta. Ta kwance bakin ƙullin ta nuna mini: yaji, da kanwa, da zanen goyo sabo. Ta ce: «Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Illela can, Illela nan, harshe guda, alƙibla guda. Wa na yi wa laifi?» Na san yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 suka shata wannan layi, na koya wa yara su shekara da shekaru. Amma ban ga wadda zan ɗauka in ba ta amsa da ita ba. Na miƙa mata ƙwai biyu, ta karɓa ta yi mini addu'a.

Muryarta ce ta karya shirun. Wani alhaji da ke layi na huɗu ya matso don ya ji, ya ce shi ma albasarsa ta Galmi tana bisa mota a hanyar Gaya, an hana ta ƙetarawa zuwa Benin, ga zafi ga ruwan sama, kowa kuwa ya san albasa ba ta jiran siyasa. Wani saurayi mai karatu a Sakkwato ya dawo kusa, ya ce hutu ya zo, bai san ranar komawa ba. Wata mata mai goyo ta taso, alhajin ya fasa goro ya zagaya da shi, yaron mota ya zauna bisa hannun kujera yana saurare. Kafin mu hango Badagishiri, mu 11 mun taru a layi uku na gaba, gwiwa na gugar gwiwa, ƙullin tsohuwa bisa ƙafata, jaririn matar nan yana jan hulata. Kujera kusan 60 na bayanmu ba kowa. Ba wanda ya tilasta mana. Cunkoson da na yi shekara 32 ina tsine wa, mu muka sake gina shi da hannunmu.

Da na sauka, na tsaya bakin kwalta ina kallon motar har ta ɓace, sa'an nan na tuna dariyar da na yi wa mutanen jirgin ruwa. Gani ya kori ji. Su masu kuɗi ne, mu talakawa, su annoba ta rage su, mu takunkumi, amma abin da ya hana su sakewa shi ne ya taso tsohuwar nan daga kujerar baya. Wurin da aka gina don jama'a, in jama'a suka ƙaurace masa, kowane lungu nasa yana tambayar ina suke. Ma'aikatan jiragen nan kuwa, waɗanda da yawansu mutanen Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kuma dubbansu suka yi watanni a tsare bisa teku a 2020, na tabbata murmushin da suke yi wa ƴan fasinjan da suka samu bai rasa kama da na yaron motarmu ba.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, cikin watan Maris kuma aka buɗe iyakar Ƙwanni da Illela. Jiragen ruwan ma sun cika, har masu shigarsu a 2023 suka zarce na 2019. Yayana Allah ya ba shi sauƙi. Na sake bin wannan hanya bayan ƙaramar salla, mota cike maƙil, wani ya taka mini ƙafa, buhun wani ya tokare mini haƙarƙari. Na buɗe baki zan yi faɗa kamar yadda na saba, sai na tsinci kaina ina duba fuskokin tsofaffin matan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta cikinsu. Na lissafa da yatsu, na ga in Allah ya raya jikan nan, lokacin da aka buɗe hanya ya fara rarrafe, zanen goyon kuwa bai yi masa kaɗan ba tukuna.

Allah ya sa ta kai masa shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kuma kiyaye mu da ganin ranar da mota za ta sake tashi daga Ƙwanni ba ta cika ba. Amin.