Tsakanin Mai Ɗori Da Hoton Ƙashi



Duk wanda ya daɗe yana koyar da yara a Islamiyya ya san cewa da wuya zango ya ƙare ba a ga ɗalibi da hannu a rataye ba. Wani daga mangwaro ya faɗo, wani a wajen ƙwallo. Abin da ke damuna shi ne kwana biyun farko bayan faɗuwar.

Ba na raina masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu. Sai dai yatsun mai ɗori, komai ƙwarewarsa, ba za su iya bambance targaɗe da tsagewar ƙashi da gocewarsa kamar yadda hoton ƙashi ke bambancewa ba. Mafi haɗari ita ce karayar da ke kama yaro dab da gwiwar hannu ta sama, domin babbar jijiyar jini tana wucewa ta wurin. Idan aka jera karare aka tamke da ƙarfi, hannun ya kumbura a ƙarƙashin ɗaurin, jini sai ya daina isa ga tsoka, kuma cikin awa shida zuwa takwas tsokar na iya fara mutuwa. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: zafi yana ta ƙaruwa maimakon ya lafa, yaro yana kururuwa in an miƙar masa da yatsu, yatsun sun yi sanyi ko sun canza launi. A sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Mutanenmu kan ce asibiti yanke hannu suke yi. A gaskiya yawancin hannuwan da ake yankewa sun riga sun ruɓe kafin a kai su. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana nan tun 1959, kuma karayar yaro da aka kai da wuri sau da yawa cikin mako uku zuwa shida take haɗewa.

Wasu kuma suna kiran jinkirin nan tawakkali. Ina mamakin wannan fahimta, alhali Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya ware babi guda a littafinsa At-Tasrif kan karaya da gocewar ƙashi, kuma ba a ji malaman zamaninsa sun zarge shi da raunin imani ba.

Akwai kuma masu tsoron filastar asibiti saboda alwala. Malamanmu na Malikiyya sun halatta shafa a kan jabira, wato ɗaurin rauni: ka wanke gaɓɓan da suke lafiya, ka shafi bayan ɗaurin sau ɗaya da jiƙaƙƙen hannu, a alwala ko a wanka. Wanda karayar ƙafa ta hana shi tsayuwa ya yi sallarsa a zaune. Wallahu a'alam.