Kafin ka ce kwamfuta ta tsufa

Duk malamin da ke aiki da tsohuwar kwamfuta ya san wannan magana: da zarar ta fara nawa, sai a ce masa ta tsufa, ya nemi wata. Mai faɗar haka kuwa ba shi zai biya ba. Ga malamin lakwal mai iyali, kuɗin sabuwar kwamfuta ba abin wasa ba ne. Shi ya sa nake so in gaya wa ƴan uwana malamai da iyayen yara yadda na bi sawun nawar da tawa ta yi har na gano bakin zaren, ban kashe ko dala ba.

Shekaru ke nan ina rubuta shirin darasi, da makin ɗalibai, da ranakun jarrabawa a cikin Emacs, wata manhajar rubutu ta kyauta da Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1985. A cikinta akwai wani sashe, Org mode, wanda Carsten Dominik, masanin taurari a jami'ar Amsterdam, ya fara a 2003 don tsara bayanansa. Rubutu ne zalla, ba ya neman intanet. Ka sa tauraro a farkon layi ya zama kanu, ka sa rana a ƙarƙashinsa, shi kuma ya tattaro maka ajandar mako. Sannu a hankali buɗe shi ya koma jira. In ba kuran, batir na zuba, yara na jiran a raba musu aiki, kai kuma kana kallon allo fari fat.

Matakin farko shi ne raba laifi. Na buɗe manhajar da umarnin emacs -Q, wanda ke tayar da ita tsurarta, ba tare da karanta fayil ɗin saitina ba. Nan take ta buɗe. Wannan kaɗai ya wanke kwamfutar: da injin ne ya gaji, da a nan ma zai ja ƙafa. Ashe jakin lafiyarsa lau, kaya ne suka yi masa yawa.

Na biyu shi ne awo. Umarnin emacs-init-time yana faɗin daƙiƙa nawa aka ci wajen tashi. Na rubuta adadin a takarda, domin ido kan ruɗi mutum ya ce an samu sauƙi alhali ba a samu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni, don lissafi ne irin wanda muke koyarwa. Na rufe rabin layukan fayil ɗin saiti, na tayar. In nawar ta tafi, mai laifin na cikin rabin da na rufe. In tana nan, yana cikin ɗayan. Sai a sake raba wannan rabin gida biyu. Ko layi 200 ne, gwaji takwas ya isa a kai ga layi guda.

Layin da na kama shi ne mai buɗo ajanda tun wajen tashi. Ita kuwa ajanda ba ta nuna komai sai ta buɗe kowane fayil da ke cikin jerin org-agenda-files, ta karance shi tun daga sama har ƙasa. Jerin nawa yana nuni ga jaka guda da ta tara aikin duk shekarun da na koyar, har da makin yaran da yanzu wasunsu sun yi aure. Kullum safiya sai an tashe su duka kafin a nuna mini darasin Litinin.

Gyaran bai ɗauki yamma guda ba. Na bar fayilolin bana kaɗai a jerin. Ayyukan da suka ƙare na kwashe su zuwa rumbu da umarnin org-archive-subtree. Suna nan, ba su ɓata ba, sai dai ajanda ba ta bi ta kansu. Na kunna org-agenda-inhibit-startup, don kada a tsaya shirya kowane fayil kamar za a karanta shi. Ajandar kuma yanzu sai na kira ta take zuwa. Da na sake awo, jiran ya koma abin da bai kai a ambata ba.

Iyaye, in ɗanku ya zo da kukan kwamfutarsa ta tsufa, ku tambaye shi abu biyu kafin ku taɓa kuɗin cefane: me take ɗauka lokacin tashi, kuma ya auna? Ko Windows yake amfani da ita, akwai jerin manhajojin da ke tashi tare da injin, kuma ana iya kashe waɗanda ba a bukata. Malamai kuma mun san irin wannan a aji. Yaron da ake cewa ba ya ganewa, sau da yawa wuri guda ne ya tsaya, wataƙila jadawalin bakwai, wataƙila aro wajen ragi. Sai an raba aikin gida biyu, an sake rabawa, ake ganin wurin.

Allah Ya ba mu haƙurin bincike kafin yanke hukunci.