Kama da Wane Ba Ta Wane: Lissafin Turjiyar Waya

Kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da wake da riɗi jibge suke a rumbunanta, kuma yawancin fitilun shaguna a kan wayar lantarki suka dogara. Sai dai ba kowace waya ce ke da halin da fuskarta ta nuna ba. Akwai wadda sanholo ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ido kuwa ba ya bambance su.

Abin da ya gagari ido, lissafi na iya warware shi. Tun a shekarar 1827 masanin nan ɗan ƙasar Jamus, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar ƙarfin lantarki da turjiyar da waya ke yi masa, shi ya sa ake auna turjiya da ma'aunin om. Turjiya tana ƙaruwa da tsawon waya, tana raguwa da kaurinta. Amma kowane ƙarfe yana da turjiyar asali, wadda tsawo ko kauri ba sa sauyawa.

Hanyar gano ta ita ce a auna turjiyar wayar da mita, a ninka da girman bakinta, sannan a raba da tsawonta. Alal misali, waya mai tsawon mita 100 da baki mai murabba'in milimita 2.5, idan ta nuna om 0.68, sakamakon zai zama 0.017, wato jan ƙarfe ce. Idan kuwa ta nuna om 1.12, za a sami 0.028, wato sanholo ce. Da zarar an ɗora wa irin wannan waya nauyin da jan ƙarfe ke ɗauka, sai ta yi zafi fiye da kima, robarta ta narke. A rumbun da ke cike da buhuna, ƙarshen abin gobara ne. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Don haka, malamin da zai koyar da wannan darasi bai kamata ya tsaya ga haddar ƙa'ida a allo ba. Ya shigo aji da waya iri biyu, ya bar ɗalibai su auna, su lissafa, su yanke hukunci da harshensu. Yaron da ya iya wannan lissafi, wata rana shi zai tsare dukiyar mahaifinsa a kasuwa.