Waƙar inna a bakin turmi

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Yau labarin gidanmu zan ba ku.

A shekarar 2004 aka yi fari, fara kuma ta cinye ɗan abin da ya saura. A 2005 yunwa ta shiga ƙasar Maradi. Lokacin ina yaro. Ƙanwata ta rasu tana da shekara biyu. Inna ba ta yi kururuwa ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, tana shiru. Abinci ma ba ta ci sai an matsa mata.

Da kaka ta yi, sai na ji ta a bakin turmi tana waƙa. Muryar irin ta daka ce, wadda ta koya wajen uwarta, amma maganar sabuwa ce. Ta ambaci zanen goyo da ba kowa cikinshi. Ta ambaci ɗan ludayin da aka aje. Maƙwabta da suka rasa ƴaƴansu suka zo suna amsawa. Taɓarya na sauka, hawaye na zuba. Daga ranar inna ta koma cin tuwo.

A makarantar horon malamai na ji labarin Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta rubuta waƙar juyayinshi. Haka ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Ita tana da ilimi da alƙalami, inna tana da turmi da muryar kakanninta. Kowace ta sauke nauyin zuciyarta da abin da ke hannunta.

Nana Asma'u ta rasu tun 1864, amma har yau ana karanta waƙoƙinta, don a rubuce suke. Inna ta rasu bara. Kullum ina cewa gobe zan rubuta waƙarta, har ta tafi. Na bi tsofaffin unguwa gida gida, baiti uku kaɗai na samu.

Kai da ka koyi baƙaƙe, ke da kika iya riƙe alƙalami, kada ku yi irin sakacina. In akwai waƙa ko kirarin wani mamaci a gidanku, ku rubuta shi yau, ko da hannu na rawa. Ku kawo aji mu gyara tare.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.