Zuwa Ga Ƙanena A Bunkure

Kumbotso,
10 ga Satumba.

Ƙanena,

Ya ƙarshen damina? Allah Ya ba mu alherinta.

Saƙonka ya iso ni, cewa bana kana so ka gwada babbar albasar nan marar yaji a gonar Baba, wadda masu tsire da otal-otal ke nema don a ci ta ɗanya. Na yi murna ƙwarai. Amma ka saurare ni kafin ka fitar da kuɗinka, domin na riga ka shan wuyarta.

Komai daga iri yake farawa. Shekarun baya na sayi wani irin Turai saboda hoton da ke jikin gwangwanin. Albasar ta yi lawashi har gwiwa, amma ta ƙi sa kai. Ashe albasa tsawon wuni take jira. Ta ƙasashen sanyi sai wuni ya kai awa 14 ko fiye, mu kuwa a Kano ko a tsakiyar damina namu ba ya kai 13. Don haka ka nemi mai gajeren wuni, kamar Texas Early Grano. Kuma ka tabbata sabo ne, domin irin albasa in ya haura shekara ƙarfinsa raguwa yake. Ka naɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 10 ka ƙirga waɗanda suka tsiro, sannan ka sayi sauran.

Ka yafa shi daga ƙarshen watan nan zuwa Oktoba, a wuri mai tudu don kada sauran ruwan sama ya kwanta masa. Ka lulluɓe da ciyawa, ka yaye da zarar ya leƙo. Bayan sati 6 ko 7 ka yi dashe, yadda sanyin hunturu zai same ta tana yin ganye. Nan sirrin girman yake: kowane ganye a sama, ɓawo guda ne a ƙasa. Wadda ta tara ganye kafin zafi ya shigo ita ke cika tafin hannu. Ka ba ta tazarar santimita 15, kada kuma ka binne ta da zurfi.

Yajin kuwa daga sinadarin farar wuta yake, wanda take zuƙa a ƙasa. Albasar Vidalia ta Amurka ta yi suna da zaƙi ne saboda ƙasar wurin ba ta da shi da yawa. Saboda haka ka guji takin salfa, wato mai farar wuta. Ruɓaɓɓen takin gida, da kamfa, da yuriya kaɗan-kaɗan sun isa. Da ta fara kai ka tsayar da yuriya, in ba haka ba wuyanta zai yi kauri ya ƙi bushewa.

Sai ban ruwa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ke zuwa mana har bakin fangali, amma saiwar albasa gajeriya ce, kaɗan-kaɗan a kai a kai take so. Ƙishi yana ƙara mata yaji. In zafin Fabrairu ya fara, ka riƙa buɗa gindin ganye kana duba ƙananan ƙwarin nan masu sa shi fari-fari. In rabin gonar ta karya wuya, ka yanke ruwa, ka cire bayan kamar kwana 10, ka shanya a inuwa.

Ga abin da ya fi damuna. Wannan albasa ruwa ne a cikinta, ba ta ajiyuwa kamar 'yar Galmi ko jar albasarmu ta gida. Kuma za ta nuna ne daidai lokacin da buhuna suka cika Gundutse da 'Yankaba, farashi ya faɗi. Mai jar albasa zai iya ajiyewa ya jira tsada, kai kuwa dole ka sayar. Don Allah kada ka ba ta fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, kuma ka samu masu saye tun tana ƙasa. Abincin Inna da yara a wannan gonar yake.

In Allah Ya yarda zan shigo ranar Juma'a da tsumman gwajin, mu zaɓi wurin yafin tare. Ka gaida Inna da kyau.

Wassalam,
Yayanka.